Laburaren Jami'a da Amanar Littattafan Magabata

Gabatarwa

A jami'o'in Nijeriya da dama, idan an zo bikin yaye ɗalibai ko wani babban taron ƙara wa juna ilmi, laburare yakan shirya nunin littattafai. Akan jera akwatunan gilashi, a shimfiɗa tsofaffin takardu masu rubutun hannu a cikinsu, a ajiye 'yar takardar bayani kusa da kowace. Baƙi su zagaya su duba, su yaba kyawun rubutu, su sa hannu a littafin baƙi, su wuce. Kaɗan ne daga cikinsu ke tsayawa su tambayi yadda aka yi takardar da wani malami ya rubuta a Gwandu ko Kukawa shekaru 150 da suka wuce ta iso cikin wannan akwati.

Amsar wannan tambaya tarihi ce mai zaman kanta. Nuni shi ne matakin ƙarshe na wani dogon aiki da ba a gani, watau aikin nemo littattafai, da ɗaukar hotonsu, da tsara sunayensu cikin fihirisa, da kiyaye su daga gara da danshi. Wannan aiki kuwa an gina shi ne a kan amana tsakanin gidajen malamai da suka ba da littattafansu da jami'o'in da suka karɓa. Abin da za a bi diddiginsa a nan shi ne yadda aka ƙulla wannan amana daga shekarun 1950, da abin da ta haifar, da kuma abin da ya rage ba a sauke ba.

Ajiyar littattafai kafin zuwan jami'a

Tara littattafai tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa da Barno. Malami yakan kwafi littafi da hannunsa, ko ya biya magwani a rubutu ya kwafar masa. Takardar da aka fi amfani da ita a ƙarni na 19 daga Italiya take fitowa, fatake su ƙetaro Sahara da ita ta hanyar Tarabulus ko Masar. Wanda ya ɗaga irin wannan takarda ya duba ta cikin haske zai ga tambarin jinjirin wata guda uku a jikinta. Ba a ɗinke warƙoƙin littafi. Akan haɗa su ne cikin tadarishi, a ɗaure, a sa a gafaka. Darajar littafi ta kai inda, sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804, littattafai suna cikin kayan da jama'a suka ɗora wa raƙuma. Ɗan'uwansa Malam Abdullahi, a cikin Ida'un Nusukh, ya jera malaman da ya yi karatu wurinsu da littattafan da ya karanta, abin da ya nuna faɗin karatun wancan zamani.

Wannan tsari yana da ƙarfinsa, domin littafi ba ya rabuwa da malamin da zai warware shi. Amma fa yana da rauni biyu. Na farko, ba wanda ya san abin da ke gidan wani sai wanda ya zauna gabansa ya yi almajiranci. Na biyu, kwafi ɗaya tak na iya salwanta cikin dare guda. Lokacin da Kyaftin Clapperton ya koma Sakkwato a 1826, ya kai wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kyautar littattafan Larabci, har da na Uklidis, masanin lissafi na Yunanawa. Sarkin Musulmi ya shaida masa cewa da ma gidansu suna da kwafin wannan littafi da aka zo da shi daga Makka, gobara ce ta cinye shi. Idan gobara ta iya shiga ajiyar Sarkin Musulmi, ina ga ta malamin ƙauye? Ban da wuta, akwai gara, da yoyon damina, da kuma rabon gado, inda wani lokaci akan karkasa littafi guda tsakanin magada, kowa ya tafi da 'yan warƙoƙi.

Zamanin ganima da fassara

Turawan mulkin mallaka sun tarar da waɗannan littattafai, kuma farkon mu'amalarsu da su ta ganima ce. A 1890, da Faransawa suka ci Segu a ƙasar Mali ta yanzu, sun kwashe littattafan gidan Alhaji Umaru Futi, wanda ya taɓa zama a Sakkwato shekaru da dama, suka kai su Faris. A 1903 kuma, bayan cin Sakkwato, Ingilishi sun tattara wasiƙun da suka samu a gidan Waziri Buhari, waɗanda wani jami'insu mai suna Backwell ya buga fassararsu a 1927.

Daga nan sai aka shiga zamanin fassara. Palmer ya buga fassarar Tarihin Kano da Ingilishi a 1908, Arnett ya fito da ta Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello a 1922, sa'an nan Hukumar Fassara ta buga Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930. Ba za a raina wannan ƙoƙari ba. Sai dai yawancin masu fassarar jami'an mulki ne, bukatarsu ita ce sanin asalin sarautu da iyakokin ƙasa domin sauƙin gudanarwa. Abin da ya fi muni shi ne, babu wani wuri da ɗalibi zai je ya ɗauki asalin Larabcin ya gwada shi da fassarar. Abin da Bature ya ce marubuci ya faɗa, shi ke nan ya zauna. Wannan giɓi ne laburaren jami'a ya zo ya cike.

Harsashin da aka kafa a Ibadan

An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, aka ɗauko John Harris daga ƙasar Niyu Zilan ya zama shugaban laburarenta na farko. Ya fara ne da littattafan Babbar Kwalejin Yaba, da kuma na marigayi Henry Carr, wani babban ma'aikacin ilmi na Ikko, wanda ya bar littattafai kimanin 18,000. A 1950 aka yi doka cewa duk abin da aka buga a Nijeriya sai an ajiye kwafinsa a wannan laburare. Dokar ta haɗa har da littattafan Hausa da jaridun da ake bugawa a Zariya. Laburaren ya ci gaba da riƙe wannan nauyi har 1970, lokacin da aka mayar da shi ga Laburaren Ƙasa.

A farkon shekarun 1950 mataimakin Harris, mai suna Kensdale, wanda ya san Larabci, ya zagaya garuruwan Arewa yana neman littattafai masu rubutun hannu. Tsakanin 1955 da 1958 ya buga fihirisar abin da laburaren ya tara, ya kuma buga jerin sunayen littattafan Shehu, da na Abdullahi, da na Bello. A ido, jerin sunaye ba wani abin a zo a gani ba ne. Amma shi ne ya fara nuna wa masana na waje cewa waɗannan mutane uku sun bar littattafai masu ɗimbin yawa a kan fiƙihu, da tauhidi, da sha'anin mulki, da tarihi, da magani.

Hanyar da ta sa aikin ya yiwu ita ce maikurofim, watau wani siririn fim da ake ɗaukar hoton shafuffuka a kansa, a karanta da na'ura mai faɗaɗa hoto. Malami ba zai sayar da gadon kakanninsa ba, amma yana iya ba da aro na 'yan kwanaki idan ya amince da mai karɓa. Saboda haka sai a karɓi littafi ta hannun sarki ko alƙali ko wani malami da ake ganin girmansa, a ɗauki hotonsa, a mayar wa mai shi. Duk littafin da ya koma gida lafiya yakan buɗe ƙofar wani gidan. Wanda ya yi ɓatan dabo kuwa yakan rufe ƙofofi goma. A 1964 aka kafa Cibiyar Tattara Rubuce-rubucen Larabci a Ibadan, inda John Hunwick ya ci gaba da wannan aiki. A gefe guda kuma Kenneth Dike, wanda laburaren Ibadan ke ɗauke da sunansa yanzu, ya sa gwamnati ta kafa ofishin adana takardun tarihi a 1954, aka yi masa reshe a Kaduna.

Ya kamata a tuna da yanayin da ake wannan aiki. A 1963 wani shahararren farfesan tarihi na Jami'ar Oksfod, Trevor-Roper, ya fito fili ya ce Afirka ba ta da tarihin da za a koyar in ban da na Turawan da suka shige ta. Gardama ba ta isa ta kashe irin wannan magana ba, sai hujja. Hujjar kuwa ita ce ake ta jerawa a kan kantocin laburare.

Zariya, Kano da Kaduna

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba 1962. Ta gaji ƙaramin laburaren Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, aka raɗa masa sunan Sa Kashim Ibrahim, Gwamnan Jihar Arewa na lokacin. Babban ginin da laburaren yake ciki yanzu a Samaru an buɗe shi a 1976. A Kongo akwai Laburaren Shugaba Kennedy na Makarantar Koyon Mulki, wanda ma'aikatan gwamnati da na En'e da yawa suka yi karatu a cikinsa. A 1968 jami'ar ta buɗe sashen koyar da aikin laburare, domin Arewa ta sami nata ƙwararrun.

A fannin rubutun hannu, jagoran aikin shi ne H. F. C. Smith, wanda ya baro Ibadan a 1962 ya kafa Sashen Tarihi a Zariya, daga baya ya musulunta aka san shi da Abdullahi Smith. Tun a 1961 ya rubuta maƙala yana jan hankalin masana cewa an yi sakaci da tarihin jihadin ƙarni na 19 a Afirka ta Yamma. A 1964 aka kafa Shirin Binciken Tarihin Arewa da haɗin guiwar jami'o'in Ibadan da Zariya, ma'aikatansa suka shiga gari gari suna ɗaukar hoton littattafai da wasiƙu, suna buga rahoton abin da suka samo. A 1970 aka mayar da gidan marigayi Sardauna na Kaduna cibiyar bincike, watau Arewa House, Smith ya zama shugabanta na farko. A Kano, Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta zama Jami'ar Bayero a 1977, ta tara nata littattafan, kuma Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta mai da hankali ga rubutattun waƙoƙin Hausa da Fulatanci na ajami.

A duk wannan tafiya babu gidan da ya kai na Wazirin Sakkwato Junaidu buɗe ƙofa. Shi kansa masanin tarihi ne, marubucin Tarihin Fulani, kuma magajin ajiyar waziran Sakkwato tun daga Giɗaɗo ɗan Laima. Masu bincike na gida da na waje sun zauna gabansa, ya ba su littattafai, ya kuma warware musu abin da ya shige musu duhu. A Jamhuriyar Nijar ma an yi makamancin wannan aiki, inda Bubu Hama, Shugaban Majalisar Dokoki, ya tara dubban littattafai waɗanda ke ajiye a cibiyar binciken jami'ar Yamai.

Ba kowace ajiya ce ta tsaya a gida ba. Alhaji Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano, ya rasu a 1962 ya bar littattafai da takardu fiye da 3,000. Yau suna laburaren Jami'ar Northwestern a Amurka, inda aka tsara su aka kiyaye su da kyau. Amma ɗalibin Kano da ke son ya taɓa su da hannunsa sai ya ƙetare teku.

Abin da hidimar ta haifar

Cikin shekaru ashirin amfanin aikin ya bayyana. A 1963 Hiskett ya buga Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo, Larabci da fassara tare, yadda mai karatu zai iya gwada ɗaya da ɗaya. A 1967 Murray Last ya fito da littafinsa a kan Daular Sakkwato, wanda ya gina a kan takardun gidan Waziri maimakon rahotannin Turawan mulki. A 1975 aka yi babban taron masana a Sakkwato a kan tarihin daular, Yusufu Bala Usman ya tace takardun aka buga su a 1979. Jean Boyd ta fito da tarihin Nana Asma'u 'yar Shehu a 1989, aka kuma buga tarin rubuce-rubucenta na Larabci da Fulatanci da Hausa a 1997. A 1995 Hunwick ya buga babbar fihirisa ta marubutan Larabci na wannan yanki, wadda ta tattara aikin shekaru arba'in wuri guda.

Da wannan ne abin da Turawan mulki suka riƙa kira mamayar Fulani ya koma tarihin wani yunƙuri na malamai, mai hujjoji da muhawara a rubuce, har da wasiƙun da Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Barno suka yi musaya a kan halaccin yaƙin. Darasin da ɗan makarantar sakandare yake karantawa yau a kan jihadi ya biyo ta hannun ma'aikacin laburaren da ya zauna yana rubuta katin fihirisa, ko da yake ba a ambaton sunansa a littafi.

Abin da nuni yake koyarwa

Daga nan za a gane matsayin nuni. Yawancin mutane ba za su taɓa zama gaban na'urar maikurofim ba, saboda haka akwatin gilashi ita ce kaɗai mahaɗarsu da wannan gado. Nunin da aka shirya da ilmi yana iya koyar da abubuwa da yawa cikin rabin sa'a. Zai nuna wa baƙo kalmar da marubuci yake sawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba, domin kada warƙoƙi su rikice. Zai nuna masa ƙananan rubutun gefe, inda almajiri ya fassara kalmar Larabci da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, waɗanda masana harshe suke dogara da su wajen sanin tsohon kamannin waɗannan harsuna. Zai kuma nuna masa ƙarshen littafi, inda mai kwafi yakan rubuta sunansa da na wanda ya kwafar wa.

Amma nuni yana da sharuɗɗa. Haske mai ƙarfi yana dusashe tawada, yana busar da takarda, don haka ba a barin shafi ɗaya a buɗe wata da watanni. Takardar bayani wajibi ne ta kasance da harshen da baƙo yake ji, ta faɗi sunan littafi da marubucinsa da abin da ya ƙunsa. Wajibi ne kuma ta ambaci gidan da littafin ya fito, domin wannan wani ɓangare ne na sauke amana. Sa'an nan duk wanda nuni ya tsima shi ya kamata a iya nuna masa teburin da zai zauna ya karanta kwafin littafin. Inda babu wannan, nuni ya zama ado kawai.

Shekarun tsanani da halin da ake ciki

Daga tsakiyar shekarun 1980 al'amura suka canja. Kuɗin man fetur ya faɗi, shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, laburarorin jami'o'i suka kasa biyan kuɗin mujallun ilmi na waje da kayan gyaran na'urori. Rancen dala miliyan 120 da Bankin Duniya ya ba jami'o'in tarayya a 1990, da harajin ilmi da aka kafa a 1993, wanda ya zama asusun TETFund a 2011, sun rage raɗaɗin, musamman wajen gine-gine da sayen littattafai da kwamfutoci.

Sai dai rubutun hannu yana da nasa haɗarin na dabam. Irin fim ɗin da aka yi amfani da shi a shekarun 1950 da 1960 ba ya jure zafi da danshi. Idan ya fara lalacewa yakan yi warin tsami, ya lanƙwashe, hoton ya tafi. A inda asalin littafin ya riga ya salwanta a gidan mai shi, wannan fim shi ne kwafi na ƙarshe a duniya. Ɗaukar hoto da kyamarar zamani da ajiye shi a kwamfuta ya sauƙaƙa aiki ƙwarai, amma shi ma yana bukatar wutar lantarki, da kwafi a wurare dabam dabam, da ma'aikacin da zai riƙa sabunta shi. Tarihi ya nuna cewa tara littattafai wuri ɗaya yana tara haɗarinsu wuri ɗaya. Ranar 7 ga Yuni 1962 'yan ta'addan Faransawa masu adawa da 'yancin Aljeriya suka ƙone laburaren Jami'ar Aljiyas. A watan Janairu 2013 'yan bindiga suka ƙone littattafai kimanin 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba ta Tambutu. Mafi yawan ajiyar garin ta tsira ne saboda an riga an fitar da ita a ɓoye zuwa Bamako.

Kammalawa

A farkon shekarun 1970, da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Waziri Junaidu digirin girmamawa, ya yi jawabi yana gargaɗi cewa jami'o'in ƙasar nan ba su yi saiwa cikin al'ummar da suke zaune a cikinta ba. Sashen rubutun hannu na laburare yana cikin wuraren da wannan saiwa ta kama ƙasa, domin a nan ne ilmin zaure da na jami'a suka haɗu a kan tebur ɗaya. Malaman da suka ba da aron littattafansu shekaru sittin da suka wuce sun ba da su ne bisa fahimtar cewa za a kiyaye su, a kuma karanta su.

Nauyin ya faɗo kan rukuni biyu. Ɗalibi, ko na tarihi ko na likitanci ko na shari'a, ya kamata ya san cewa akwai dubban littattafai da aka ɗauki hotonsu waɗanda har yanzu ba a tace su an buga ba, kuma aikin yana jiran mai Larabci da ajami da haƙuri. Ma'aikacin gwamnati kuwa shi ne mai tsara kasafin da zai sa a sami sanyi a ɗakin ajiya ko a rasa, kuma fayil ɗin da ke kan teburinsa yau shi ne takardar tarihin gobe. Dokar adana takardun ƙasa ta 1992 ta ɗora wa ma'aikatu nauyin kula da tsofaffin takardunsu, rahotannin da suke bugawa kuma ya dace kwafinsu ya isa laburaren jami'a mafi kusa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami wanda ya adana ta. Abin da baƙon shekaru hamsin masu zuwa zai tarar cikin akwatin gilashi ya danganta ga abin da waɗannan rukuni biyu suka adana yanzu.